Kazar Laraba da Hancin Aro

"Laraba," in ji 'yata. "Ba Asabar ba, ba Lahadi ba. Ranar aiki nake so, ranar da mutum yake dawowa a gajiye ya dafa abin da zai ci."

"Na ji."

"Da hannunka. Ba a sayo a waje ba, ba a aiko maka daga wani gida ba."

"Na ji, Sufeto."

"Ka daina ce min Sufeto, Baba, maganar gaske nake yi. In muka zo ni da maigidana muka ci muka ƙoshi, ba a ƙona komai ba, na bar ka a gidanka, ba zan ƙara tayar da maganar ba. In kuwa aka samu matsala, ranar Asabar mota za ta zo ta kwashe kayanka ka koma wajenmu. Ka yarda?"

Tana maganar ne riƙe da tukunya, baƙa ƙirin, gindinta ya ɓule har kana hango tayil ta ciki. A saman sif na ɓoye ta, na rufe ta da tsohon bargo. Ban san abin da ya kai ta can ba. Da ma ba a banza na sa mata wannan suna ba: tun tana 'yar firamare in ta shigo ɗaki sai ta leƙa ƙarƙashin gado.

Na dubi tukunyar, na dubi 'yata. Na miƙa mata hannu kamar yadda nake yi da masu ba ni aiki.

"Na yarda."

Ba ta karɓi hannun ba. Ta dai ajiye tukunyar a tsakiyar falo, ta gyara mayafinta, ta ce in riƙa shan maganina a kan lokaci, ta sauka.

To jama'a, ku da kuke bin wannan shafi nawa, haka aka yi cinikin. Bari in gaya muku abin da ke cikinsa, don wanda ya gani daga waje zai ce rigimar tukunya ce kawai.

Shekarata sittin da huɗu. Arba'in daga ciki a fenti na yi su, ƙofofi, tagogi, gadaje, kabad. Matata ta rasu shekara biyu ke nan da wata biyar. Ina zaune a hawa na biyu na wani tsohon bene, ɗaki biyu da falo da kicin ɗan mitsitsi wanda in ka juya da sauri sai ka bugi firji. Kujerarta tana nan inda take, kusa da taga. Ba na zama a kai, ba na kuma barin ƙura ta hau ta.

Ɗakin da Sufeto ta tanadar min a gidanta ba shi da laifi. Fanka, talabijin, katifa mai tudu, taga tana kallon katanga. Amma na shiga gidaje da yawa da gwangwanin fenti a hannu, na ga tsofaffin da aka kai irin wannan ɗakin. Ana ba su abinci a kan lokaci, ana gaishe su safe da yamma. Sai a hankali a fara magana a kansu suna zaune. "Ya sha maganinsa?" "Ya yi wanka?" Mutum yana ji, ba shi ake tambaya ba. Ni nan na fi so in tsufa, inda na san kowace tsaga ta bango, inda in na yi tari bangon ya san muryata.

Ga kuma abin da 'yata ba ta sani ba. Ba barci ne ya ɗauke ni ranar tukunyar nan ba, kamar yadda na gaya mata. Hancina ne ya mutu. Fenti da tina, ruwan nan da muke wanke buroshi da shi, sun cinye shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ba na jin ƙanshi, ba na jin wari. Harshe ya rage min zaƙi da gishiri da tsami da ɗaci, shi ke nan. Marigayiya ce kaɗai ta sani, ita ta rufa min asiri. In mun je gidan mutane sai ta riga ni magana da ƙarfi, "Kai, wannan turare da daɗi yake!" Ni kuma in ce, "Wallahi kuwa." In madara ta lalace sai ta ɗauke kofin daga gabana ba tare da ta ce uffan ba. Ranar da aka binne ta mutane suna cewa na yi rashin mata. Ba su san rabin abin da aka binne ba.

Ranar tukunyar, wake na ɗora, na ja ƙofar kicin, na zauna a falo ina gyaran rediyo. Ban ankara ba sai na ji ana dukan ƙofata kamar za a ɓalle ta. Mai Ɗinki ce, matar da ke zaune a samana daidai, kicin ɗinta a kan nawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun watse garuruwa. Za ta yi hamsin da wani abu, gajera, gilashi a ƙarshen hanci, tef ɗin awo a wuya ko da kasuwa za ta. Ta ture ni ta wuce, ta kashe gas, ta buɗe taga, tana tari. Da hayaƙi ya lafa ta tsaya ta ƙare min kallo.

"Idonka biyu," ta ce. "Sukudireba ma a hannunka. Hancin ne, ko?"

Na ajiye sukudirebar a kan rediyo. Ba ta ƙara tambaya ba, ta haye sama.

Kafin ranar nan gaisuwar matakala ce kawai tsakaninmu. Amma zan faɗa muku gaskiya tunda na fara: ƙarar keken ɗinkinta ta silin ita ce muryar da ta rage a gidana. Da safe in ta fara, na san gari ya waye wa wani ba ni kaɗai ba. In ta tsaya da rana, sai in ce a raina, ta tashi cin abinci, ni ma in tashi. Ita ba ta san tare muke ci ba.

Bayan tafiyar Sufeto na yi zaman awa guda ina kallon tukunyar. Sai na sa hula, na hau matakala goma sha shida, na ƙwanƙwasa.

Ta buɗe da allura a baki. Ta cire ta.

"Lafiya, Mai Fenti?"

"Aro na zo."

"Gishiri ko ashana?"

"Hanci."

Ta yi dariya har ta dafa ƙofa. Ban taɓa jin dariyarta ba, ashe wushirya gare ta. Na kwashe labari na gaya mata a tsaye a bakin ƙofa, ban shiga ba, ita ma ba ta ce in shiga ba.

"Kaza mai zuma za ka yi," ta ce. "Yaran zamani suna son ta, kuma abincin ranar aiki ce, minti arba'in an sauke. Illarta ɗaya. Zuma ba ta haƙuri da wuta. Tsakanin ta yi da ta ƙone, ƙiftawar ido ne."

"To ai nan ciwona yake."

"Shi ya sa na zaɓe ta. In ka fitar da wannan lafiya, 'yarka ba ta da sauran bakin magana. Ka bar tagar kicin a buɗe. Duk abin da ka ɗora, ni yake fara gaisarwa. Zan riƙa turo maka saƙo."

"Me zan biya ki da shi? In yi miki fentin ƙofar nan?"

"Ƙofata ta ce maka tana so? Kawo wayarka in sa lambata."

"Abu ɗaya," na ce. "Ranar Laraba kada ki sauko, ko me ya faru. In ta gan ki, ta ce an taya ni, na faɗi."

"Ai da ma taya ka za a yi."

"Hannu ta hana. Ba ta ambaci hanci ba."

"Kai dai tsohon ɗan duniya ne," ta ce, ta rufe ƙofarta tana murmushi.

A matakala na tsaya na ajiye lambar. Ban san sunanta na yanka ba, shekara shida muna bene ɗaya. Sai na rubuta abin da ya zo min: Hancina.

Litinin muka yi gwaji. Ta turo min jerin kaya tun da safe, na je na sayo: cinyoyin kaza, zuma, tafarnuwa, ɗanyar citta, lemun tsami, barkono, shinkafa. Ƙarfe biyar da rabi na tsaya gaban kasko, waya jingine da gwangwanin sukari.

"Ka tsane naman da tsumma mai tsabta. In da ruwa a jiki ba zai soyu ba."

Na rubuta mata: "Haka katako yake. Ba a shafa wa jiƙaƙƙe."

"Kai ka sani. Gishiri da barkono. Fata a ƙasa. Kada ka taɓa ta sai na ce."

Na tsaya hannu a baya kamar ɗan makaranta. Mai yana ta tsalle. Can waya ta yi haske.

"Juya."

Na juya. Fatar ta yi ja, ja mai kyau, irin na katakon da ya sha man farko.

"Rage wuta, ka zuba ruwa rabin kofi, ka rufe. Kafin ta dahu ka daka tafarnuwa da citta, ka matse lemo, ka kwaɓa da zuma cokali huɗu."

Bayan minti ashirin: "Buɗe. Zuba haɗin. Ka riƙa ɗiba da cokali kana yi mata wanka da shi. Kada ka matsa ko nan da can."

Ina yi, ina yi, ruwan yana kauri yana tafasa ƙanana. Ni a idona da saura. Sai ga saƙo da manyan baƙaƙe: "SAUKE!"

Na sauke.

Ta zuro kwando da igiya daga tagarta, na sa faranti da cinya biyu, na ga yana hawa yana lilo. Na zauna a kan bokiti a kicin ina jira. Wallahi ko ranar da na fara kai aikin ƙofa gidan babban mutum gabana bai faɗi haka ba.

"Gishiri daidai. Ta dahu har ƙashi. Za ka ci jarrabawa."

Kafin in gama murmushi wani ya shigo.

"Sai dai fuskarta. Nan zuma ta taru, can babu. Kamar bangon da ɗan koyo ya shafa."

Jama'a, ku ce min komai. Ku ce min tsoho, ku ce min mara hanci. Amma ɗan koyo? Ni da ake kawo ƙofa daga wani gari don in yi mata shafen ƙarshe? Na san da wasa ta faɗa. Amma wasan ya sami wurin da ba shi da fata.

Na ci sauran kazar ni kaɗai a falo, rediyo a kashe. Na karanta saƙonninta daga farko har ƙarshe, na sake komawa. Goma sha tara ne. A wayar nan, in ka cire na kamfanin layi da "Baba ka sha magani?" na Sufeto, ban tara saƙo goma sha tara a wata shida ba. Har "SAUKE!" ɗin na tsaya ina kallo. An daɗe ba a daka min tsawa a kicin ba.

Talata na jawo akwatin aikina daga ƙarƙashin gado. A cikinsa akwai buroshi guda da ban taɓa ba wa kowa aro ba. Faɗin yatsa biyu, gashinsa laushi kamar na jariri, ba ya barin layi ko ɗaya. Man ƙyalli kaɗai yake taɓawa, shafen ƙarshe na kayan katako masu daraja. Na ce a raina, cokali na masu miya ne. Wannan mata za ta ga abin da ake kira shafe.

Ni ba ƙazami ba ne, kada ku yi min wannan zato. Na san abinci zai taɓa, don haka na yi masa wankin da ban taɓa yi masa ba. A sana'armu in ana son buroshi ya fita tas, tina ake sa masa. Na jiƙa shi a ciki tun da safe. Na canza, na sake, har sau uku, sai da ruwan ya fita garau kamar na sha. Sannan na bi da sabulu, na ɗauraye, na shanya shi a tagar ɗakin kwana, can ɓangaren da ba nata ba, don ina so ta gani kwatsam. Na taɓa shi da yamma, ya bushe, ya yi laushi. A ido da hannu babu abin da ya fi shi tsabta a gidan. Shekara arba'in, abin da na sani da tsabta ke nan.

Laraba na share gida, na goge teburi, na fito da farantan baƙi masu bakin zinariya. Na sa farar rigata mai aljihu biyu wadda na goge tun safe, na ɗaura tawul a ƙugu. Shinkafa ta dahu ta huce a gefe. Ƙarfe shida saura kwata kaza ta shiga kasko.

"Juya."

"Rage wuta. Yau tafarnuwar ta fi ta Litinin ƙanshi. Sabuwa ka sayo?"

"Sabuwa."

"Kana tsoro?"

Na daɗe ina kallon tambayar. Na rubuta "A'a", na goge. Na rubuta "Kaɗan."

"Ina nan," ta ce.

Ina cikin kallon kalmomin nan biyu na ji sallama a ƙofa. Shida da kwata! Bakwai muka yi da su. Na fito da sauri, na kife wayar a kan teburin falo kusa da faranti, na buɗe.

Sufeto ce cikin doguwar rigarta ta aiki ruwan toka, baƙin mayafi, jaka a kafaɗa, ido yana yawo tun kafin ƙafa ta shigo. Bayanta mijinta, dogon mutum mai sanyin hali, malamin makaranta. Ni To-Madalla nake ce masa a raina, don shekara tara da aurensu ban taɓa jin ya ce wani abu bai yi ba.

"Kun yi sauri," na ce.

"An tashe mu da wuri," in ji ta. Ƙarya take, idonta ya nuna. So take ta ga ko da wata a kicin.

Ta zo ta jingina da ƙofar kicin ta harɗe hannu. Waya tana falo, ba halin in ɗauko. Na ce a raina, ba komai, na ga yadda ta yi ranar Litinin, ido zai isa. Na buɗe murfi, na dafa haɗin zumar a gefen kaskon har ya yi kauri, na kashe wuta da wuri don kada in yi ganganci. Sannan na zaro buroshina.

"Baba, wannan fa?"

"Kayan aiki. Ki tsaya ki ga yadda ake yi."

Shafe na farko siriri, daga sama zuwa ƙasa, hannu ɗaya ba tsayawa. Na bar shi ya kama. Na biyu a gicciye. Na uku da bakin gashin kawai, kamar ana shafa kan yaro mai barci. Kowace cinya ta fito tana ɗaukar ido, ruwan zinariya mai duhu, ko ɗigo bai taru ba. Ƙwan fitilar kicin har ana ganinsa a jikin fatar.

Sufeto ta ɗan yatsina hanci. "Fenti ka yi a gidan nan kwanan nan?"

"Gidan mai fenti ne. Ko bango ka matse, abin da zai fito ke nan."

Ta yi ɗan murmushi, na farko a ranar. "Haka rigarka take yi muna yara, in ka dawo ka ɗauke ni."

Sai aka fara buga silin. Dum, dum, dum.

"Me ake yi a sama?"

"Tela ce. Aikinsu ba ya rasa buge-buge."

Dum, dum, dum, dum. A raina har daɗi na ji. Na ce ƙanshi ya kai mata, tafi take min.

Na ɗanɗana ɗan romon a yatsa. Zaƙi, gishiri, tsami, da wani ɗan ɗaci a ƙarshe da na ce citta ce. Na jera cinyoyin a kan shinkafa, na ɗauko tire da hannu biyu.

"Kai!" in ji surukina da ya gani. "Baba, wannan ai sai a sa a gilashi a rataye."

Sufeto ta zaro wayarta ta ɗauki hoto. Na ga kafaɗunta sun sauka. Ta ce a hankali, "Ban zata ba, Baba." Na ji kamar an sauke min buhun siminti daga ka. Na fara tunanin abin da zan rubuta wa ta sama in sun tafi.

Surukina ya yi bismillah, ya gatsa. Ya tsaya. Idonsa ya kawo ruwa. Ya dube ni, ya dubi matarsa, ya tauna sau ɗaya da ƙyar.

"To," ya ce, murya a shaƙe. "Madalla."

A daidai nan wayata ta fara rawa a kan teburi, tana zagaya kanta tana bugun faranti. Na miƙa hannu, Sufeto ta riga ni. Ta juya ta, ta karanta sunan da ke kai, ta ɗago ta dube ni. Ta danna.

"Kada ku ci!" Muryar ta fito ta waya, ta kuma sauko ta tagar kicin a lokaci guda. "Mai Fenti, kana jina? Saƙo bakwai na turo! Tina ce a kazar nan, warinta har ɗakina! Kada ka ba yaran nan!"

"Tofar!" Sufeto ta daka wa mijinta tsawa. Bawan Allah ya tashi da gudu ya yi banɗaki, muna jin famfo.

Ta kashe wayar. Ta ja saƙonnin da yatsa, sama, sama, har na Litinin. Ba ta yi sauri ba. Sannan ta ɗauki cinya ɗaya, ta kai hancinta, ta kawar da kai. Ta miƙo ta daf da fuskata.

"Baba, me kake ji?"

Na yi shekara arba'in ina sayar wa mutane kalar da ba ita suka zo nema ba. Baki bai taɓa ƙare min ba. Na buɗe shi in ce zuma, in ce tafarnuwa. Sai gaskiya ta riga fita.

"Ba na jin komai."

"Tun yaushe?"

"Shekara goma sha ɗaya."

"Mama ta sani?"

"Ita ta ɓoye."

Ta ajiye cinyar. Ta goge yatsunta a tawul ɗaya bayan ɗaya.

"Bayan rasuwarta da kwana bakwai," ta ce, "na buɗe sif na ɗauko koren mayafinta. Na ce maka ƙanshinta yana nan. Na miƙo maka, ka sa fuskarka a ciki, ka daɗe. Ka ce e, yana nan."

"Na ce."

"Ashe ni kaɗai nake ji."

"Ke kaɗai. Na so in ji ko a bakinki ne."

Na zaci za ta yi faɗa. Da ta yi da ya fi min sauƙi. Sai ta sa bakin mayafinta ta danne ido, kafaɗa tana motsi. Ni kuma ina zaune gaban kaza mafi kyau da aka taɓa yi a gidan nan, ban san inda zan sa hannuna ba.

"Gas kake amfani da shi, Baba," ta ce daga baya. "In ya zuba da kai kaɗai, wa zai gaya maka? Shekara biyu kana kwana da shi. Ni kuma ina can ina faɗa a kan tukunya."

Gaskiya ta faɗa.

Ta miƙe, ta gyara fuska a madubin falo, ta zura takalmi. Na zaci tafiya za ta yi. Sai na ji takunta yana hawa, ba sauka ba.

Surukina ya fito yana goge baki, ido jajur. Ya zauna can bakin kujera. Mu biyu muka ɗaga kai muna kallon silin. Taku biyu, ɗaya mai tsini, ɗaya na silifa. Aka ja kujera. Daga nan shiru. Minti ashirin da biyar, na duba agogo.

"Baba," in ji shi a hankali, "a ido dai ban taɓa ganin irinta ba."

"Na gode. Sha ruwa."

Da ta sauko ba ta zauna ba. Fuskarta ba ta nuna komai. Ta shiga kicin ta murɗa kan tukunyar gas da hannunta, ta kulle. Ta kwashe kazar a leda ta ƙulle, ta sa buroshina a wata ledar ta jefa a jakarta.

"Ciniki ciniki ne, Baba. Kai ka miƙo hannu. Asabar ƙarfe goma."

"Me kuka tattauna a sama?"

"Shinkafar ba ta taɓa kazar ba ta wannan gefen, ka ci da mai. Sai da safe."

Suka sauka. Na tsaya a bakin ƙofa har na daina jin motarsu.

Na wanke farantai uku da ba a ci komai a cikin biyu ba. Na goge teburi. Na ci shinkafa fara a tsaye. Sama shiru, keke bai motsa ba. Na ɗauki waya in ba ta haƙuri, in ce laifina ne, ta ce cokali na ɗauko buroshi. Ina neman ta inda zan fara sai nata ya shigo.

"'Yarka ta yi min wata tambaya. Na ce mata ba daga bakinta ya kamata in ji ta ba. Kwana uku gare ka, Mai Fenti."

Na karanta a tsaye. Na zauna na sake karantawa. Tambaya ɗaya ce mace take son ji daga bakin namijin da kansa: ta aure.

To ga yadda cinikin Laraba ya tashi. Sufeto ta ci, ta samu ubanta a ɗakin baya, sai dai ban ga alamar daɗi a fuskar mai nasara ba. To-Madalla ya yi asarar harshensa na kwana biyu, ya kuma ci ladan haƙuri. Kaza ta mutu a banza, ko kyanwar bene ba za a ba ba. Ni na faɗi warwas, gida da buroshi da asirin shekara goma sha ɗaya, duk a zama ɗaya. Mai Ɗinki ce kaɗai ban san layin da zan sa ta ba, na riba ko na asara, don ta tsaya a kan matakala goma sha shida tana jiran tsoho ya buɗe baki. Ni kuwa ko sunanta ban sani ba.